Gidan miliyan 6 da rabi a bayan Jambutu: araha ce ko akwai abin da ban gani ba?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, ina roƙon masu ido a harkar gidaje su tanka. An nuna mini wani ƙaramin gida a bayan unguwar Jambutu, nan Garwa ta Kamaru. Filin mita 10 ne a 20, ɗaki biyu da falo, kicin a waje, masai da wurin wanka a kusurwa, da darbejiya guda a tsakar gida. Ginin bulo ne, rufin kwano. Akwai kontar wuta, amma famfo bai shiga ba, a foraj ɗin unguwa, wato rijiyar burtsatse, ake sayen ruwa. An sa masa sefa miliyan 6 da rabi. Dillalin ya ce irinsa a unguwar ba ya kasa miliyan 10, magada ne ke gaggawar raba gado shi ya sa suka karya. Ni haya nake a Yelwa, dubu 35 duk wata. Ina da miliyan 5 a hannu, yayana ya yi alkawarin cika mini sauran. Ta yaya zan gane da gaske araha ce?

Ɗan Kollere:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya sa rai aka yi wa.

Hajiya Maman Sadiya:
Amin. Ƙanena, tambaya ɗaya kafin komai. Gidajen nan na miliyan 10 da aka faɗa maka, an sayar da su a haka, ko kuwa kuɗin da masu su suka yanka musu ne? Bakin mai sayarwa daban, abin da aka ƙirga a kan tabarma daban. Akwai gida a layinmu da aka sa wa miliyan 14 tun kafin azumin bara, har yau yana nan da kwaɗo a ƙofa. Idan wani ya ce maka gidaje a layinmu miliyan 14 ne, bai yi ƙarya ba, amma bai faɗa maka kasuwa ba. Ka nemo gida uku ko huɗu da aka gama cinikinsu a wannan unguwar cikin shekara biyun nan, ka ji nawa aka biya. Jauro, wato mai unguwa, ya sani, limamin masallacin layin ya sani, domin a gabansu ake shaida.

Baban Ummi:
Na gode Hajiya. Ya dai nuna mini gida biyu daga waje, ya ce wannan 10, wancan 11. Zan bincika ko an saya.

Dillalin Marware:
Ku yi haƙuri in sa baki, tunda sana'armu aka taɓo. Ban san gidan ba, ban san ɗan'uwan da ya nuna shi ba. Amma kada a tsorata bawan Allah. Garwa ta yanzu ba ta da ba ce. Tun da aka buga gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka a filin Rumde Ajiya a farkon 2022 aka gyara tituna, a shekarar kuma aka kafa jami'ar Garwa. Ɗalibai na neman ɗaki, malamai na neman gida, ma'aikatan kamfanin auduga na Sodecoton da na gwamnati da ake kawowa daga kudu duk haya suke kamawa. Filin da ka raina yau, baɗi ba za ka iya tunkararsa ba. Gidan gado kuwa sau da yawa a nan ake samun sa'a, saboda kowa ƙagare yake ya karɓi rabonsa. Mai jinkiri shi ke rasawa.

Hajiya Maman Sadiya:
Malam dillali, kwalta ta ɗaga kuɗin gidajen da ke bakinta ne. Wanda ke can ciki, inda mai babur ke cewa sauka nan ka ƙarasa da ƙafa idan an yi ruwa, bai ga komai ba.

Malam Magini:
Salam. Alhaji Baban Ummi, ni abin da na iya shi zan faɗa. Ka raba cinikin kashi biyu a ranka: kuɗin ƙasa daban, kuɗin gini daban. Ka tambayi nawa ake sayar da fili fanko mai girman wannan a layin, ka cire daga miliyan 6 da rabi. Abin da ya rage shi ne kake biya wa ginin. To sai ka duba ko ginin ya kai.

Yadda za ka duba kuwa, ka tafi da ƙusa mai inci 4 a aljihu. Ka nemi inda filasta ta ɓare, ka karci bulon. Idan yashi ya zubo maka a hannu, an yi wa siminti rowa, an buga bulo da yawa a buhu ɗaya. Siminti a Figil ake yinsa, kusa da mu, amma hakan bai hana masu ginin sayarwa tsuke hannu ba. Sannan ka durƙusa ka dubi gindin bango daga ciki, bayan kujera da bayan gado. Idan ka ga fenti ya kumbura, ko wani farin gishiri-gishiri ya fito kamar kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, bangon yana shan ruwa daga tushe. Idan kuma ka ga gindin bango kaɗai aka yi wa sabon fenti, sama tsoho, ka tambayi dalili.

Tsagewa iri biyu ce. Siririya da ke kan filasta ba komai ba ce. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ta gangara a karkace tana bin layin bulo, wannan tushe ne ya motsa. Wurare da dama a ƙasarmu baƙar laka ce, wadda Fulani ke kira karal, da damina ta kumbura, da rani ta dare. Idan ba a haƙa tushe ya yi zurfi ba, ba a kuma ɗaure ginin da rodi sama da ƙasa ba, duk shekara sai ya buɗe, kana toshewa yana komawa.

Ka sa yaro ya hau ya leƙa cikin filafon, wato silin, da tocila, ya ƙwanƙwasa katako. Gara tana cinye ciki ta bar bayan lafiya lau. Ka kuma lura da tsayin rufin. A Garwa, Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, ɗakin da kwanonsa ke kusa da kai ba ya kwantuwa, kuma idan tagoginsa yamma suke kallo abin ya fi muni. Na ƙarshe, ka tsaya a bakin ƙofa ka ga wa ya fi wani tudu, daɓen gida ko titi. Idan titi ya fi, ruwan layin gaba ɗaya baƙonka ne.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri Malam. Na lura ana ɗan sauka taki ɗaya idan za a shiga gidan. Kuma akwai wani mayo, wato rafin damina, a bayan layin, a bushe na gan shi.

Malam Magini:
To wannan takin shi ne abin dubawa. Yanzu muna Agusta, Allah ya kawo ka a kan gaɓa. Kada ka bari a zaɓa maka ranar zuwa. Ranar da aka kwana ana ruwa, ka yi sammako ka je kai kaɗai.

Ɗan Njamena:
Gaisuwa daga Chadi. Maganar Malam Magini ta taɓa ni. A nan, mutane da yawa sun sayi filaye a Waliya da Tukra saboda sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da cikin gari. A Oktoban 2022 da kogunan Shari da Logon suka cika, da kwalekwale ake shiga wasu layukan, iyalai suka koma tantuna. Gidan da ke kwari ba a auna shi da gidan da ke tudu, ko da katanga ɗaya ce ta raba unguwanninsu. Ku ma kuna da kogin Binuwai, kuna da dam ɗin Lagdo a samanku.

Ɗan Kollere:
Haka ne, wanda ya ga ambaliyar 2012 ba sai an ba shi labari ba. Amma ba ko'ina ruwan kogi ke kaiwa ba, wani wurin ruwan sama ne kawai da rashin magudana. Tsofaffin layin za su gaya masa inda ruwa ya tsaya a shekarar.

Tsohon Akawu:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma har yanzu ba wanda ya tambayi abin da ya fi tushe da rufi nauyi. Ɗana Baban Ummi, wace takarda gidan yake da ita?

Baban Ummi:
Baba, sun nuna mini takardar sayen filin da mahaifinsu ya yi, da sa hannun jauro da shaidu biyu da hatimi. Sun ce a shekarun 1990 ya saya. Babu titar fonsiye, wato takardar mallakar ƙasa ta hukuma.

Tsohon Akawu:
To ga inda miliyan 3 da rabin nan da aka ce an karya maka ta shiga, ko mafi yawanta. Ina kyautata zaton gidajen da aka ce maka 10 da 11 suna da tita. Idan haka ne, ba iri ɗaya ake gwada maka ba.

Bari in yi bayani, domin na yi shekaru ina rubuta irin waɗannan takardu. Dokar ƙasa ta Kamaru, wato oda mai lamba 74-1 ta 6 ga Yulin 1974, titar fonsiye kaɗai ta sani a matsayin shaidar mallaka. Duk ƙasar da ba ta da tita, kuma ba ta cikin kadarar gwamnati, tana cikin abin da ake kira ƙasar al'umma, hukuma ce ke riƙe da ita. Sashe na 8 na dokar ya ce cinikin ƙasa mai tita sai a gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya ya buga hatimi, in ba haka ba ɓatacce ne, ya kuma ce sayar da filin da ba a yi wa rajista ba shi ma ɓatacce ne. Ma'ana takardar jauro tana nuna mutanen unguwa sun san kai ne a wurin, amma ba ta sa ka zama mai ƙasa a idon kotu ba.

Za a ce maka ai sai ka saya ka yi titar da kanka. Ana yi, sai dai ka san hanyar. Rajista kai tsaye, bisa dokar 76-165 ta 27 ga Afrilun 1976 da aka gyara a Disambar 2005, ta waɗanda suka zauna ko suka raya wurin ne tun kafin 5 ga Agustan 1974. Wanda ya zo bayan nan, hanyarsa ita ce neman hukuma ta ba shi wurin na wucin gadi, ya nuna ya raya shi, daga baya a tabbatar masa. Kowace ka bi, sai kwamitin da sufurefe, wato shugaban gunduma, ke shugabanta ya sauko ya gani, da mai gari da dattawansa, sai ma'aikatan kadastar, wato ofishin awon ƙasa, sun auna sun kafa turaku. Kuɗi ne da zirga-zirga da haƙuri. Ka sa wannan a lissafin gidan tun yanzu.

Dillalin Marware:
Baba, da girmanku, amma idan aka bi wannan ai rabin Garwa ba su da gida. Gida nawa ne a Fulbere ko Kollere ko Lopere ke da tita? Iyayenmu da takardar jauro suka zauna, wasu ma da baki kawai, har suka koma ga Allah ba wanda ya tashe su. Talaka ba zai jira tita ba.

Tsohon Akawu:
Gaskiyarka ɗana, kuma ban ce kada ya saya ba. Tsofaffin unguwanni kowa ya san gidan kakan kowa, shi ya sa ake zaune lafiya. Bayan gari inda aka yanka gonaki aka sayar, nan ne ake samun fili ɗaya da takarda biyu, ko a wayi gari wani ya fito da babbar tita da ta haɗiye layi guda. Abin da nake cewa, gida marar tita a saye shi da kuɗin gida marar tita. Kada a auna masa da mai tita a ce ya ci riba. Kuma kafin ya ba da ko dala, ya ɗauki mai awo su je, a ɗauki ma'aunin wurin a duba a ofishin kadastar ko ya faɗa cikin titar wani. Ya kuma nemi takardar tsarin gari a meri, wato ofishin magajin gari, wadda ke nuna ko an shata hanya ko magudana ta wurin. Gidan da ke bakin mayo, wannan takardar ba abin wasa ba ce.

Maman Walid:
Ni dai ina bayan a saya. Ku da kuke da gidaje ba ku san zafin haya ba. Wata bai ƙare ba gabanka na faɗuwa, yaro ya zana bango a kira ka, ka dasa ko zogale ba naka ba ne. Ɗaki biyu naka ya fi biyar na wani. Baban Ummi ka tambayi Maman Ummi ma, ita ce za ta wuni a gidan.

Hajiya Maman Sadiya:
'Yar'uwa, na yi haya kafin in yi gida, na san abin da kike faɗa. Amma bari mu yi lissafi a fili, shi zai yanke.

Baban Ummi, ka tambayi masu haya a layin nawa suke biyan ɗaki biyu da falo ba famfo. A ce dubu 25. A shekara dubu 300 ke nan. Ka raba miliyan 6 da rabi da wannan, ya haura shekara 21 kafin gidan ya mayar da kuɗinsa, ba a cire watannin da zai zauna ba kowa ba, ba a cire gyara ba. Ni a tawa ƙa'idar, gidan haya da zai wuce shekara 15 bai dawo da kuɗina ba, ba na sayensa. Da wannan ma'aunin kuɗin gidan miliyan 4 da rabi ne. Ƙa'idata ce, ba doka ba, wani zai ce 18 wani 20.

To amma kai zama za ka yi, don haka naka lissafin daban. Za ka huta da dubu 35, wato dubu 420 a shekara. Sai dai daga Yelwa kana iya takawa kasuwa, daga bayan Jambutu sai babur. Idan zuwa da dawowa ya ƙara maka 600 a rana, kwana 26 ya kama dubu 15 da 600. Ka ga abin da ka huta da shi ya koma ƙasa da dubu 20. Ga ruwan foraj, ga makarantar yara idan ba za a sauya musu ba. Sannan miliyan 6 da rabi ba ita ce ƙarshen abin da za ka kashe ba: la'adar dillali, mai awo, ɗaga daɓe, jawo famfo, neman tita. Kada ka yi mamaki idan ka tsinci kanka a miliyan 8. Wannan adadin za ka ɗora a kan sikeli, ba wanda aka faɗa maka a bakin ƙofa ba.

Maman Walid:
Lissafin ya fito Hajiya, ban musa ba. Amma haya ma hawa take yi, dubu 35 ta yau ba za ta tsaya a nan ba. Kuma kuɗi a hannu narkewa suke, yau biki gobe asibiti.

Hajiya Maman Sadiya:
Wannan kuma gaskiya ne, shi ya sa ban ce ya fasa ba. Ya taya da hujja.

Malamin Zaure:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Tunda an ce gidan gado ne, akwai haƙƙin da ya wajaba a kiyaye. Malam Baban Ummi, ka san adadin magadan, maza da mata, da matar mamacin idan tana raye, domin tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya. Kowannensu yana da rabo a cikin kowane taku na gidan har sai an raba. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa mata sai da yardarsu, kuma shirun kunya a gaban yaya ba shi ake nema ba, a tambayi kowacce ta faɗa da bakinta. Idan akwai maraya da bai balaga ba, sai waliyyinsa ko alƙali ya duba maslaharsa. Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya akwai shufu'a: idan wasu suka sayar da rabonsu a kadarar da ba a raba ba, abokin tarayyar da bai sayar ba yana da haƙƙin ya biya kuɗin da ka biya ya karɓe. Ka ga kana iya gyara gida ka zuba dukiya, wani ya zo da haƙƙinsa na shari'a. Gaggawar da aka ce suna yi, ka bincika ta kowa ce ko ta mutum ɗaya.

Tsohon Akawu:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Ta ɓangaren hukuma ma haka ne, ya nemi hukuncin kotu da ya lissafa magada ya kuma nuna wanda aka wakilta.

Baban Ummi:
Jama'a na dawo, ga abin da na samo. Daren Talata an yi ruwa sosai, da asuba na je. Ruwa bai shiga ɗakuna ba, amma tsakar gida ya kwanta har idon sawu, ya bar shara a jikin darbejiyar, kuma mayon ya yanke hanyar da ta fi kusa, sai da mai babur ya zagaya. Maƙwabcin gidan, wani dattijo, ya nuna mini wani layi a katangarsa ya ce nan ruwa ya kai a shekara mai yawan ruwa, kusan gwiwa. Bulon na karce shi, yana da ƙarfi. Gindin bangon falo akwai farin gishirin da Malam Magini ya faɗa, ta gefen mayo. Tsagewa babba ban gani ba.

Na je wurin jauro. Gida biyun da aka nuna mini suna can sama kusa da babbar hanya, dukansu da tita, ɗaya an saye shi miliyan 9, ɗayan ba a saya ba tukuna. A layin da nake nema an sayar da gida biyu: ɗaya miliyan 5 da dubu 200, ɗaya miliyan 6 amma shi ɗaki uku ne da rijiya. Fili fanko a layin ya ce wajen miliyan 2 da rabi. Haya kuma dubu 25 ce kamar yadda Hajiya ta ƙiyasta. Magada bakwai ne da mahaifiyarsu. Akwai mace ɗaya da ke aure a Ngawundare, jauro ya ce bai ji an ce an sanar da ita ba.

Malam Magini:
Madalla da bulon. Aikin da ke gabanka cikon tsakar gida ne, da ɗaga bakin ƙofa, da fitar da ruwa ta bututu zuwa waje, da sake filastar gindin bangon nan da maganin ruwa. Masai ma a duba, idan ramin na cika da damina sai an ɗaga bakinsa. Ka turo mini hotuna ta akwati in yi maka ƙiyasi a rubuce, ka riƙe shi a hannu ranar ciniki.

Dillalin Marware:
To tunda ga cinikin layin ya fito, ni ma ba zan ce 6 da rabi ba. Ka fara daga 4 da dubu 800, ka tsaya a 5 da ɗan abin da ba a rasa ba. Ka kuma yi maganar la'ada tun yanzu, wa zai biya, nawa ne, kada a bar ta sai ranar ƙirga kuɗi.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai. Mun yi shawara da Maman Ummi da yayana, miliyan 5 zan taya, abin da yaya zai ba ni ya tafi gyara da takardu. Dillalin ya kira ɗazu yana cewa in ba da kafin alƙalami dubu 500 don akwai wani mai so.

Tsohon Akawu:
Kada ka ba da, ɗana. Ka ce masa kuɗinka a shirye suke, ranar da mai awo ya gama, amsar kadastar da ta meri suka fito, ta Ngawundare kuma ta zo ko ta aiko da wakilci a rubuce, za a zauna gaban jauro da liman da mahaifiyarsu a ƙirga gaba ɗaya. Ka nemi lambar ita 'yar tasu daga hannun mahaifiyar, ba daga hannun wan ba, ka sa Maman Ummi ta kira ta su yi magana mace da mace.